Haƙori, Fiƙa da Gwafa: Sharhi a Kan Mayar da Giyar Babur

Duk wanda hanyarsa ta saba bi da shi ta Ƙofar Durɓi da hantsi, watau ƙofar nan ta birnin Katsina wadda ta ɗauki sunanta daga sarautar Durɓi mai riƙe da ƙasar Mani, ba zai rasa ganin wani abu ba wanda yawan ganinsa ya sa ido ya daina tsayawa a kansa: bakanike zaune a kan ɗan benci a inuwar rumfa, ya sauke injin babur ya raba shi biyu kamar yadda ake fafe ƙwarya, ga faranti a gabansa cike da ƙananan ƙarafa masu haƙora suna ƙyalli cikin baƙin mai, ga kuma mai babur ɗin a tsugune a gefe ya zuba tagumi, yana kallon aikin da ba shi da ilmin da zai ce an yi daidai ko an yi kuskure a cikinsa. Sauran gyare-gyaren babur duka a fili suke, domin in an ɗaure birki mai shi zai taka ya ji, in an sake fulogi zai buga ya ji, in an yi faci zai ga taya ta tashi. Amma aikin giya, da zarar an haɗa ɓarin kasko da ɗan'uwansa an ɗaure kusoshi, ya shiga gaibu ke nan, babu mai sake ganinsa sai ranar da ya ɓaci.

A irin wannan rana ce gardama ke tashi, kuma gardama ce wadda na sha ji har na haddace yadda take gudana. Mai babur ya dawo bayan mako biyu ko uku yana cewa giya ta biyu tana fita da kanta in ya ja totur, ko kuwa ta uku ta ƙi shiga sai ya yi ta haurin feda. Ya ɗora laifin a kan bakanike. Bakanike ya rantse cewa shi ya mayar da kome a mazauninsa, kayan da aka sayo ne na jabu. Mai sayar da kayan kuwa, in aka je masa, sai ya ce ai ko ƙarfen da aka ƙera jirgi da shi aka sa wa ɗan kabu-kabu, da irin hawan da yake yi da irin lodin da yake ɗauka, wata guda ya ishe shi ya cinye shi. Kowane ɗaya daga cikin ukun yana da hujja, kowane ɗaya kuma yana da rabonsa na laifi. Sai dai ba za a iya raba wa kowa nasa da adalci ba sai an fahimci abin da ke cikin kaskon nan, da yadda yake aiki, da inda kuskure ya fi saurin shiga.

Asalin bukatar giya shi ne, injin fetur ba ya da ƙarfi sai yana juyawa da sauri, alhali kuwa taya, a lokacin da za a tashi daga tsaye, ƙarfi take bukata ba sauri ba. Babur na farko da aka ƙera da yawa domin sayarwa, wanda Hildebrand da Wolfmüller suka fitar a birnin Munich na Jamus a 1894, ba shi da giya ba shi da kuloci, sai mahayi ya tura shi da gudu ya tashi sa'an nan ya ɗare. Hisabin da ya warware wannan matsala ba shi da wuya. In ƙaramin gargare mai haƙori 12 yana tura babba mai haƙori 36, tilas ƙaramin ya zagaya sau uku kafin babban ya zagaya sau ɗaya, sauri ya ragu zuwa sulusi, ƙarfin murɗawa kuwa ya ninka uku. Wannan ita ce siffar giya ta ɗaya. Kowace giya ta gaba tana rage wannan tazara, har a kai ta ƙarshe inda gargaren biyu suka kusa zama daidai. Da fari da hannu ake canjawa, sai a ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Velocette na Ingila ya fito da fedar ƙafa wadda taku ɗaya ke matsar da giya ɗaya tak, feda ta komo mazauninta. Kuma a kan wannan dabara ce galibin baburan da ke yawo a Katsina a yau suke, ko Bajaj Boxer ta Indiya da ta cika gari, ko Jincheng ta Sin wadda aka kwaikwaya daga Suzuki AX100, ko jikokin Honda CG125 da ta fito a 1975, ko roba-roba wadda asalinta ke komawa ga Super Cub ta 1958.

Akwai wani zato da ya yaɗu har a tsakanin waɗanda suka shekara ashirin suna hawa, cewa in an taka feda haƙoran wani gargare ne ke rabuwa da na wani su je su shiga na wani dabam. Lamarin ba haka yake ba, kuma wanda bai gyara wannan zato ba ba zai taɓa gane dalilin fitar giya ba. A cikin kaskon akwai sanda biyu na ƙarfe kwance kusa da juna: ɗaya tana karɓar juyi daga inji ta hanyar kuloci, ɗayar kuma ita ce ke fita waje ta juya sarƙa. A kan kowace sanda an jera gargare huɗu, ko biyar in babur ɗin mai giya biyar ne, kowane gargare yana fuskantar abokinsa na ɗaya sandar, haƙoransu kuwa a sarƙe suke dare da rana, ko ana tafiya ko ana tsaye. Sirrin shi ne, a cikin kowane biyu, ɗaya ne kaɗai ke damƙe da sandarsa, ɗayan sake yake, yana juyawa a banza a kan sanda kamar awarwaro a hannu. Muddin dukkan sakakkun suna sake, inji zai yi ta kuka taya ba ta motsa ba, shi ne abin da ake kira firi. Sa giya kuwa ba wani abu ba ne illa a kama ɗaya daga cikin sakakkun nan a kulle shi da sandarsa.

Abin da ke yin wannan kulli shi ne wasu ƙahonni gajeru, uku ko huɗu ko fiye, da ke fitowa daga kuncin wasu gargaren, waɗanda zan kira fiƙa domin a bambanta su da haƙoran gefe. Gargare mai fiƙa yana zaune a kan tsagogin da aka yi wa sanda a tsaye, saboda haka dole ya juya tare da ita, amma yana iya zamewa dama ko hagu. In ya zame ya cusa fiƙarsa cikin ramukan maƙwabcinsa sakakke, su biyun sun zama abu guda, ƙarfi ya sami hanyar wucewa. Mai tura shi kuwa wani ƙarfe ne mai yatsu biyu, wanda siffarsa ba ta da maraba da gwafar da ake tokare reshe da ita, yatsunsa suna rungume da wani wuya da aka sassaƙa a jikin gargaren. Gwafa kuma ba ta motsi da ra'ayin kanta. Tana da ɗan hanci wanda ke zaune cikin wata karkatacciyar hanya da aka haƙa a jikin wani dunƙulen ƙarfe mai kama da ganga. Taku ɗaya na feda yana murɗa gangar kaɗan, hanyar ta karkata, hancin ya bi ta, gwafa ta matsa, gargare ya zame, fiƙa ta shiga. A bakin gangar akwai wani ƙarfe mai siffar tauraro da ɗan gargaren da sifirin ke dannawa cikin lungunansa, shi ne ke tsayar da ita daidai a kan kowace giya. Makanikai sukan haɗa gangar da gwafarta su ce musu silekta. Babur mai giya huɗu galibi gwafa biyu gare shi, mai biyar kuwa uku. A roba-roba gwafar a jikin gangar kanta take zaune, a dangin CG125 kuwa sandarta dabam.

Wanda ya yi nazarin wannan tsari zai ga cewa babu wani yanki a cikinsa da ke da ma'ana shi kaɗai, kowanne daga mazauninsa yake samun amfaninsa. Yakan tuna mini da Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, malamin hisabin nan ɗan ƙasar Katsina wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya kuma bar littafi a kan ilmin wafaƙi, watau hatimin da ake jera adadi a gidajensa har kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, ya ba da jimla ɗaya. A irin wannan hatimi ba sai an ɓatar da adadi ba kafin ya rushe, ya isa a musanya gidajen biyu daga cikinsu. Haka akwatin giya yake: ana iya mayar da kowane ƙarfe ba a bar ko ɗaya a faranti ba, amma aikin ya ɓaci saboda an gabatar da abin da ya kamata a jinkirta. Almajirin da ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san cewa jeranta rukunnan salla farilla ne, wanda ya yi sujada kafin ruku'u bai tsira da cewa ai duka biyun ya kawo su ba. Tartibi a nan ma sharaɗin inganci ne.

Saboda haka ne ƙwararru ke cewa mayarwa tun daga kwancewa take farawa. Bakaniken da ya san abin da yake yi ba ya zazzage sanda a cikin kwano. Yana zare gargare ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kan tsabtataccen kwali daga hagu zuwa dama, kowanne fuskar da ya fito da ita tana kallon sama, kowace washa a gefen gargaren da take bi. Waɗansu kuma sukan zura su a waya su ɗaure, na zamani su ƙara da ɗaukar hoto da wayar hannu, dabarar da nake ganin babu aibi a cikinta ko kaɗan. Sa'an nan a wanke kome, a tsane, a rufe. Wannan rufewa tana da muhimmanci a garinmu fiye da yadda ake zato, domin a watannin hunturu, lokacin da iskar arewa ke ɗebo ƙura ta watsa a kan kome, injin da aka bari a buɗe a ƙasa daga azahar zuwa la'asar ya riga ya sha yashin da zai gauraya da mai ya zama dutsen wasa, ya yi ta cin boris da bushi a hankali har wata da watanni.

Bayan wanki sai duba, kuma a nan ne ake gane malami da mai karambani. Idon wanda bai sani ba haƙora yake bi, in ya ga babu wanda ya karye sai ya ce giya lafiya lau. Alhali kuwa cutar fitar giya kusan kullum a fiƙa take. Sabuwar fiƙa kusurwarta a tsaye take, wasu masana'antu ma sukan ɗan fafe ta ta ciki domin nauyi ya riƙa jan gargaren biyu zuwa ga juna. Amma kowace shiga ta gaggawa tana ɗan gutsure kusurwar, har ta daddaƙe ta zama gangara, daga nan kuma duk lokacin da aka ja totur, maimakon ta riƙe sai ta tunkuɗe kanta waje. Abin da ke tare wannan tunkuɗa shi ne gwafa, wadda ba a halicce ta domin ɗaukar nauyi ba, aikinta ta tura ta saki. Sai yatsunta su yi ta gugar wuyan gargaren da ke juyawa, su yi zafi, su canja launi zuwa shuɗi-shuɗi, su sirance, daga bisani su lanƙwashe. Lanƙwasasshiyar gwafa kuwa ba ta iya kai fiƙa ƙarshen raminta, sai ta bar ta a rabi, rabin shiga kuma ya ƙara saurin daddaƙewa. Cuta biyu ke nan kowace tana ciyar da 'yar'uwarta. Wanda ya sake gwafa ya bar tsohuwar fiƙa, ko ya sake gargare ɗaya ya bar abokinsa mai cinyayyun ramuka, ya yi maganin rabin ciwo, kuma ba da daɗewa ba tsohon zai lalata sabon. A baburan da firi ke tsakanin ta ɗaya da ta biyu, ta biyun ce ta fi shan wannan wahala, domin a nan ne mahayi ya fi gaggawa.

Abin da ke damuna a nan shi ne rashin ma'auni. Kaurin yatsan gwafa a ƙananan injunan Honda da danginsu kimanin milimita 5 ne, kuma cin da bai wuce rabin milimita ba ya isa littafin masana'anta ya ce a yar da ita. Babu idon da zai ga wannan, babu yatsan da zai ji shi da tabbaci, sai da ma'aunin kauri, wanda kuɗinsa bai kai na saitin giya guda ba, amma da wuya ka gan shi a rumfa. Na san akwai dattawan da shekaru suka ba hannunsu wani irin ji mai ban mamaki, ba na kuwa raina wannan baiwa; sai dai baiwa ba ta gaduwa, ma'auni kuwa yaro ɗan shekara goma sha biyar zai iya koyonsa a yini ɗaya.

Akwai kuma masu kai gargare wurin mai walda a ɗora wa fiƙa ƙarfe a goge da magagari. Na fahimci lalurar da ke kai mutum ga haka, amma ya kamata a gaya wa mai babur gaskiya. Gargaren giya fatarsa kaɗai aka taurara, kamar yadda maƙeri kan ba bakin wuƙa ruwa, cikinsa kuwa an bar shi da ɗan laushi domin ya jure duka. Wutar walda tana kashe wannan tauri, abin da aka ɗora kuma ba ya kai na asali. Gyara ne na kwanaki, in an sayar da shi a matsayin na shekaru ya zama algus.

In an gama duba an tabbatar da abin da za a sake, sai jeri. A nan ƙananan abubuwa ne ke da hukunci. Tsakanin gargare da gargare akwai washa, siraran faifai waɗanda da ganinsu ka ce duk ɗaya ne, alhali kaurinsu ya bambanta, wasu ma suna da tsagogi a ciki. Su ne ke ƙayyade iyakar wasan da kowane gargare zai yi. In an manta guda, sanda ta sami sarari ta riƙa kai da komo, fiƙa ba ta shiga sosai. In an ƙara guda, kasko ya matse sanda ta ƙi juyawa. Akwai kuma zoben kulle, wanda ake kira kilif, mai zama cikin wani tsagi ya hana gargare wucewa. Wannan zobe fuska biyu gare shi, ɗaya mai kaifin baki ɗaya mai santsi, saboda yadda ake huda shi a masana'anta; mai santsin ce ke kallon gargaren da ke tura shi, mai kaifin ta juya baya domin ta ciji bangon tsagi. In aka juya shi, matsi zai iya fiɗe shi daga mazauninsa. Kada a buɗe shi fiye da abin da zai wuce da shi, kada a mayar da wanda ya riga ya saki jiki, kuma bayan an sa shi a juya shi da yatsa a ji ya zauna. Inda bushi ke da ramin mai, a daidaita shi da ramin sanda, in ba haka ba gargaren zai juya a bushe. Kowane yanki kuwa a shafa masa sabon mai kafin ya shiga, domin a daƙiƙun farko bayan tayar da inji wannan shafi ne kaɗai kariyarsa.

Gwafa ma haka. Uku ɗin nan na mai giya biyar sun yi kama da juna kamar 'yan gida ɗaya, amma ba su musayar gurbi, shi ya sa Honda da masu kwaikwayonta ke buga musu haruffan L da C da R, watau ta hagu da ta tsakiya da ta dama. Ana haɗa sandunan biyu a hannu haƙora sun sarƙe, a saukar da su tare cikin ɓarin kasko, ana kula kada washar ƙasa ta zame ta faɗa. A sa kowace gwafa a wuyan gargarenta, a saukar da ganga a kan firi, a ɗaga hancin kowace gwafa a jefa shi a hanyarsa, sa'an nan a zura sandar gwafa. In jerin daidai ne sandar da yatsa za ta shige. In ta nemi guduma, to, akwai ƙarya a wani wuri.

Daga nan sai matakin da nake ganin shi ne ruhin aikin duka, wanda kuma gaggawa ta fi sa a tsallake shi: gwaji kafin rufewa. Ana juya sanda da hannu ɗaya, ana murɗa ganga da ɗayan, daga firi zuwa ta ɗaya har ta ƙarshe, a komo, ana kallon kowace fiƙa tana shiga har gindinta. Juya sandar wajibi ne, domin fiƙa ba ta samun raminta sai gargare yana motsi, da yawa kuma sun zargi jerinsu a banza saboda sun manta da wannan. In an gamsu, a duba 'yan turakun nan biyu masu daidaita kasko suna nan, a shimfiɗa sabon fakin, a saukar da ɗaya ɓarin. Ya kamata ya zauna da ɗan bugun gudumar roba. Babban zunubi a wannan sana'a shi ne a ga kasko ya ƙi haɗuwa a ce kusoshi za su jawo shi. Za su jawo shi kuwa, amma bayan sun lanƙwasa gwafa ko sun tsaga mazaunin boris. Ana ɗaure kusoshin kaɗan-kaɗan a gicciye, bayan kowane zagaye a sake juya sanda a ji ba ta cije ba, a sake bin giyoyin duka kafin a ɗora kuloci.

Na koyi darajar wannan mataki da kuɗina. Shekarun baya an buɗe mini inji a wata rumfa saboda boris da ke ƙara, aka rufe, kwana goma ban ji daɗin ta uku ba. Na kai wa wani dattijo, ya buɗe, bai ce kome ba sai da ya jera kayan a kwali ya ƙirga, sa'an nan ya ɗago ya ce, "Malam, washa ɗaya ce babu a nan, ita ta ci maka gwafa." Ya kira yaronsa ya miƙa masa gwafar ya ce, "Taɓa nan, ka ji zafin da ta sha? Gobe in ka ga wannan launi, kada ka tambaye ni." Yaron ya ce, "To, Baba." Da ya gama jeri bai rufe ba sai da ya sa ni na tsuguna na ga giya huɗun sun shiga ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Gani ya kori ji, ka shaida kafin in rufe." Washar da ta jawo wannan duka ba ta kai kuɗin shayi da burodi ba, amma sai da aka sake sauke inji, aka sayi gwafa da fakin da mai.

Ba zan zalunci makanikai ba, domin hujjarsu game da kaya gaskiya ce. Kayan gyaran babur da ke shigowa arewa, mafi yawa ta hannun 'yan kasuwar Nnewi da Legas, daraja-daraja ne, kwalinsu iri ɗaya, ƙarfensu ba ɗaya ba; akwai gwafar da tun daga kwali a karkace take, akwai gargaren da magagari ke kama shi kamar gwangwani. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, darajar naira kuma ta faɗi a watannin da suka biyo, ɗan kabu-kabun da ke biyan balas kullum ba ya tambayar wanne ya fi kyau, wanne ya fi araha yake tambaya. Kafin wannan ma, dokar tsaro da gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa a 2021, wadda ta hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Caranci ta kuma taƙaita hawan dare, ta riga ta ƙuntata wa masu wannan nema. Mutumin da ke cikin irin wannan hali shi ne ke tsaye a kan bakanike yana cewa a yi sauri kafin a tashi daga makaranta, gaggawarsa kuwa ita ce ke korar gwajin da na ambata.

Mahayi ma yana da nasa. Mai ɗora ƙafa a kan feda yana tafiya yana goga gwafa ba tare da ya sani ba; mai sa giya ba kuloci, da mai haurin feda yana tsaye inji a kashe, da mai ɗaukar buhu uku ya tashi da ta biyu, duk inji suke wahalarwa. A Boxer da CG da roba-roba mai ɗaya ne ke shayar da inji da kuloci da giya, saboda haka wanda ya jinkirta juye ko ya sayi man da aka tace aka sake ɗurawa, abu uku ya cutar a lokaci guda. Jincheng mai hayaƙi kuwa man giyarta dabam yake, shi ya sa ake yawan mantawa da shi har ya ƙafe.

Amma in aka tambaye ni wa ya fi ɗaukar nauyi, zan ce bakanike, ba domin ya fi sauran laifi ba, sai domin shi kaɗai ne ya gani. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun daɗe da yin magana a kan wannan a babin lamunin masu sana'a, yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani da Muhtasar na Halil: mai sana'ar da ya kafa kansa domin jama'a, kamar maɗinki da marini da maƙeri, yana lamunce abin da aka ba shi ya kaɗaita da shi, ko da lada ya yi ko kyauta, sai in an sami shaida cewa ya halaka ba da sakacinsa ba, in kuwa a gaban mai kaya ya yi aikin, hukuncin ya sassauta. Illar da suka dogara da ita maslaha ce, domin mutane ba su da makawa sai sun miƙa kayansu, ba su kuwa da hanyar sanin abin da ya faru a bayan idonsu. Yadda za a ɗora wannan a kan rumfar bakanike fatawa ce ta malamai, amma hikimar a bayyane take, har ma ta nuna mafita: abin da dattijon nan ya yi da ya tsugunar da ni in shaida, ya fitar da aikinsa daga ɓoye zuwa sarari, ya kare ni ya kare kansa. Da kowane bakanike zai nuna wa mai babur cinyayyar fiƙa kafin a sayo kaya, ya faɗa masa a fili cewa wannan na asali ne wancan na araha ne ga kuma abin da zai biyo bayan kowanne, ya nuna masa giya tana shiga kafin a rufe, ya kuma miƙa masa tsofaffin kayan a leda, da kashi mafi yawa na gardamar Ƙofar Durɓi bai taso ba.

Saura abu ɗaya da ke hannun mai babur bayan ya karɓi abinsa. Kada ya ɗora masa lodi a kwanakin farko, ya kuma yi juyen mai da wuri, ba sai lokacin da ya saba ba, ya tare man a farin kwano ya fita da shi rana ya karkata. Ɗan ƙyalli mai laushi kamar garin kwalli ba abin tsoro ba ne, sababbin ƙarafa ne ke sabawa da juna. In kuwa ya ga ɓarɓashi wanda yatsa ke iya tsinta, ko ya ji feda ta fara nauyi a giya guda, ya koma rumfar a ranar, tun gwafa ba ta yi shuɗi ba.